Masu Gadin Gran Paradiso da Tsirar Akuyar Dutse

A farkon ƙarni na 19 akuyar dutse ta tsaunukan Alps ta kusa shafewa daga doron ƙasa. Dabbar da a da take watse tun daga Faransa har Ostiriya ta koma garke ɗaya tak, wanda bai kai ɗari ba, a maƙale a kewayen tsaunin Gran Paradiso da ke arewa maso yammacin Italiya ta yau. Yanzu akwai fiye da 50,000 a ƙasashen yankin, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da asalinta bai koma ga wancan ɗan garke ba. Idan ana ba da wannan labari, wasu kan jingina nasarar ga dokar hana farauta, wasu ga tausayin sarki, wasu kuma ga kafa gandun daji na ƙasa. Amma wanda ya bi tarihin daki-daki zai ga cewa doka da sarki da gandu duk sun taɓa kasancewa a wurin, dabbar kuma tana ƙarewa. Abu guda ne yawanta ya riƙa bi sau da ƙafa, wato sana'ar gadi: mutane 'yan asalin kwarurukan nan, waɗanda ake biya albashi su kwana su tashi a kan dutse. Duk lokacin da aka riƙe su da kyau garken ya ƙaru, duk lokacin da aka watsar da su ya zube.

Kafin a gane dalili, sai an san dabbar. Tana zaune ne can sama da inda itatuwa ke daina tsirowa, galibi tsakanin mita 1,600 da 3,200. Bunsurun kan kai kilo ɗari, da ƙahoni masu gaɓa-gaɓa da ke lanƙwasawa baya, tsawonsu kan kai mita guda, kuma kowace shekara tana barin zobenta a jikinsu, har a iya ƙirga shekarunsa. Macen ba ta wuce rabin nauyinsa ba, ƙahoninta kuma gajeru ne. Sirrin rayuwarta yana ƙafa: kofaton a rabe yake biyu, gefensa da tauri da kaifi, cikinsa da taushi mai kama dutse. A madatsar ruwa ta Cingino, a lardin Piemonte, ana ganin uwa da ɗanta suna takawa a bangon da ya kusa miƙewa tsaye, suna lasar gishirin da ke tsatsowa daga tsakanin duwatsun ginin. Ana barbara a Disamba da Janairu, a haihu wajen Yuni, kuma yawanci ɗa guda ne, shi ma ba lalle ya tsallake hunturunsa na farko ba. To ga inda matsalar take. Idan ta hango haɗari ba ta yin dogon gudu. Hawa take yi kan tsinin da kyarkeci ba zai iya binta ba, ta tsaya cak tana kallon abokin gaba. Wannan dabara ta ishe ta shekaru dubbai, amma ranar da bindiga ta shigo tsaunuka a ƙarni na 16, tsayawar nan ta zama miƙa wuya. Dabba ce mai sauƙin harbi, mai jinkirin haihuwa, don haka maharba kaɗan sun isa su ƙarar da ita a kwari guda.

Ga shi kuma kuɗin da ke jikinta ya wuce na nama. Turawan wancan zamani sun ɗauke ta kantin magani mai ƙafa huɗu. Ana niƙa ƙahon a sha, ana neman jinin don tsakuwar mafitsara, dunƙulen gashi da saiwa da kan taurare a tumbinta ana sayar da shi a matsayin makarin guba, sannan wani ɗan ƙashi mai siffar gicciye da ke cikin zuciyarta ana rataya shi kamar laya don tsari daga mutuwar fuju'a. Har fadar babban limamin cocin Salzburg ta taɓa ajiye sashe na musamman na irin waɗannan magunguna. Hukumomi ba su yi barci ba. A yankin Graubünden na ƙasar Suwizalan, wanda har gobe hoton bunsurun dutse ne a tambarinsa, an haramta farautarta tun 1612. Kafin tsakiyar wancan ƙarni babu ko ɗaya da ta saura a yankin. A farkon ƙarni na 19 aka harbe ta ƙarshe a duk faɗin Suwizalan. Wannan ita ce hujja ta farko: an yi doka da wuri, an yi ta da niyya mai kyau, ta kuma tashi a banza, domin alƙali yana gari, maharbi yana kan dutse, babu kowa a tsakaninsu.

A Gran Paradiso ma da doka aka fara. Wani jami'in kula da daji daga Gressoney, Joseph Zumstein, ya kai kuka ga gidan sarautar Savoy, a 1821 aka fitar da umarnin hana kowa farautar akuyar dutse a ƙasar sarki, in ban da gidan sarautar kansa. Umarnin ya rage ɓarna a fili, amma bai hana talakan da hunturu ya rufe shi wata shida a ƙauye ya saɓi bindiga da asuba ba. Abin da ya juya al'amarin ya zo ne bayan shekara talatin da biyar. Sarki Vittorio Emanuele na Biyu, wanda daga baya ya zama sarkin Italiya na farko bayan haɗewarta, mutum ne da farauta ta shiga jininsa. A 1856 ya mayar da tsaunin hurumin farautarsa, ya karɓi haƙƙin farauta daga hannun ƙauyukan kwarurukan Cogne da Valsavarenche da Orco da maƙwabtansu, sannan ya ɗauki ma'aikata kimanin hamsin aikin gadi na dindindin. Daga cikin mutanen wurin ya ɗebo su, kuma da yawansu tsofaffin maharban sata ne. Mai kallo daga nesa zai ce an ba kura ajiyar nama, amma Bahaushe ya riga ya faɗa, ɓarawo shi ke gane sawun ɓarawo a kan dutse. Su suka san mashayar dabbar da wurin haihuwarta, su suka san hanyar da ake bi a sauko da nama cikin dare, da gidan da hayaƙinsa ke tashi a lokacin da bai kamata ba.

Aikin ba na zaman ofis ba ne. An raba tsaunin yanki-yanki, kowane mai gadi da nasa, da 'yar bukkar dutse da yake kwana a ciki can sama. Yakan fita tun duhu bai washe ba, ya sami wuri ya zauna da madubin hangen nesa, ya ƙirga garken da ke gabansa, ya lura da bunsurun da ya tsufa da uwar da ta rasa ɗa, ya duba ko akwai baƙon sawu a kan dusar ƙanƙara. Don sarki ya iya kaiwa sama a kan doki, an sassaƙa hanyoyin alfadarai fiye da kilomita 300, masu kwana-kwana da bangon dutse, waɗanda har yau su masu yawon buɗe ido da ma'aikatan gandun ke bi. An gina masaukai a wurare irin su Orvieille da Lauson da Nivolet. Idan lokacin farauta ya yi, a tsakiyar bazara, sai a ɗauki ɗaruruwan mazan ƙauye aikin kora. Su hau tun dare su zagaye kwari, su yi ta ihu suna turo garken zuwa inda sarki ke laɓe a bayan wani ɗan shingen duwatsu. Ƙa'idar ita ce manyan bunsuraye ake harbi, a bar mata da 'ya'ya su wuce. A dabbar da bunsuru ɗaya ke hawan mata da yawa, wannan ba ya taɓa yawan haihuwa sosai. Da haka garken da bai kai ɗari ba ya koma dubbai kafin a yi farautar sarauta ta ƙarshe a 1913.

Akwai mai cewa bai dace a yabi wannan tsari ba, kuma maganarsa tana da nauyi. Sarkin ba don Allah ya yi ba, don kansa ya yi. Duk wanda ya shiga fadar Sarre da ke kusa da Aosta, wadda ya saya a 1869, zai ga zaure da dogon soro da ɗansa Umberto ya sa aka lulluɓe bangonsu da ɗaruruwan ƙahoni, shaidar irin kisan da aka yi. Talaka kuma an hana shi abin da kakanninsa suke ci, aka mayar da shi mai kora wa wani. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai tambayar da ke gabanmu ita ce me ya sa dabbar ta rayu a nan ta mutu a ko'ina, kuma kyawun niyya ba ya amsa ta, tunda mutanen Graubünden sun fi sarkin kyakkyawar niyya. Abin da son ran sarki ya haifar, ko da bai nufa ba, shi ne ya sa akuya mai rai ta fi matacciya amfani ga ɗan kwarin. Albashin gadi, ladan kora, kuɗin hayar haƙƙin farauta, aikin hanya, da kyautar da yake yi wa coci-coci da ƙauyuka, duk sun rataya ne a kan garken yana nan. A wurin da noma ba ya ciyar da gida, maza na fita ci-rani kowane hunturu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana iya ƙin sarautar a kuma yarda cewa ta gano wani abu da dokokin baya suka kasa ganowa.

Da a ce labarin ya tsaya nan, da sai a ce dacewa ce kawai. Amma tarihi ya yi gwajin da kansa. A 1919 Vittorio Emanuele na Uku ya miƙa wa gwamnati kadada 2,100 da ya mallaka a tsaunin, a Disambar 1922 aka kafa gandun daji na ƙasa na Gran Paradiso, na farko a Italiya. Hukumar da aka ɗora masa mai cin gashin kanta ce, ta kuma ci gaba da aiki da masu gadi 'yan ƙasa, har garken ya kai kusan 4,000 a farkon shekarun 1930. Daga nan gwamnatin Mussolini ta rushe hukumar, ta damƙa gandun ga rundunar tsaron dajinta. Aka sallami 'yan ƙasa, aka kawo baƙi waɗanda ba su san dutsen ba, wasu ma turo su wurin horo ne a gare su. Doka tana nan daram, iyakar gandun ba ta motsa ba, sunansa yana kan taswira. Garken kuwa ya fara zubewa tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu, yaƙin ya zo da yunwa da bindigogi a kowane gida ya ƙarasa aikin. A 1945 kaɗan ne suka ɗara 400. Wanda ya ja shi daga bakin rami wani likitan dabbobi ne kuma gwanin hawan dutse, Renzo Videsott, wanda tun ana cikin yaƙin ya fara tattara mutanen kwarin su koma gadi. A 1947 aka maido wa gandun 'yancinsa da rundunar masu gadinsa ta kansa, cikin shekaru kaɗan garken ya koma dubbai. Abu ɗaya aka cire, abu ɗaya aka mayar, sakamakon ya bi shi duka sau biyun.

Ba a Gran Paradiso kaɗai aka ga haka ba. A tsaunukan Abruzzo da ke tsakiyar Italiya akwai wata 'yar uwarta ƙarama mai suna shamwa, siririya, mai gajerun ƙahoni da ke lanƙwashe a tsini kamar ƙugiya, irin da babu shi a ko'ina sai can. Ita ma hurumin farautar sarki ne ya rufa mata asiri. Da gidan sarauta ya saki hurumin a 1912, maharba suka faɗa mata, har ta koma 'yan gomiya a wani lungu da ake kira Camosciara. Gandun da Erminio Sipari ya jagoranci kafawa a 1922 zuwa 1923 ya farfaɗo da ita, sai aka rushe hukumarsa a 1933 kamar yadda aka yi wa ta arewa, yaƙi ya zo, ta sake komawa 'yan gomiya. Bayan an maido da hukumar ne ta murmure, har daga 1991 aka fara ɗibar ta ana kai wa tsaunukan Maiella da Gran Sasso, daga baya Sibillini. Yau dubbai ce. Dabba daban, tsauni daban, ɗaruruwan kilomita a tsakani, amma hawa da saukar iri ɗaya ne, a kusan shekaru ɗaya.

Wata hujjar da ake kawowa ita ce tsaunin ne ya ceci dabbar, ba mutum ba, domin Gran Paradiso, mai tsayin mita 4,061, wuri ne mai wuyar shiga. Lalle wuyar wurin ce ta sa ragowar garken ya kai 1821, amma dutsen bai rage tsawo ba tsakanin 1933 da 1945. Hujjar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta satar Suwizalan. Mutanen ƙasar sun nemi sarkin Italiya ya sayar masu da iri ya ƙi. Sai masu kula da gidan namun daji na Peter und Paul a birnin St. Gallen suka haɗa baki da wani maharbin sata daga kwarin Aosta, Joseph Berard, a 1906 aka tsallako da jarirai uku a ɓoye, aka shayar da su da kwalba, wasu suka biyo baya shekara da shekaru. A 1911 aka saki na farko a kwarin Weisstannen, daga 1920 aka kai wasu gandun ƙasa na Suwizalan da tsaunin Piz Albris, daga waɗannan ne mafi yawan garkunan Alps na yau suka yaɗu. Mai hujjar zai ce ashe karya gadin ne ya cika tsaunuka. Gaskiya ne rowar sarki ta kusa tsare dabbar a wuri ɗaya, inda annoba guda za ta iya share ta, kuma satar ta yi rana. Amma ba a satar abin da babu. Shekara hamsin na gadi su suka tara garken da har za a ɗebi jariransa bai girgiza ba. Kuma da aka saki dabbobin a Suwizalan, ma'aikatan da jihohin ƙasar ke biya ne suka tsare su, har suka yi yawan da tun 1977 ake rage su bisa ƙididdiga. A 2006, da satar ta cika shekara ɗari, Suwizalan ta mayar wa Italiya wasu awakin a matsayin biyan bashi.

Inda ya kamata a sassauta da'awar shi ne iyakar abin da gadi zai iya. Dabbar da ta ratsa ta ƙuntatacciyar ƙofa sau da yawa, daga ƙasa da ɗari a Italiya, zuwa 'yan gomiya a gidajen namun daji, zuwa ƙananan rukunonin da aka riƙa saki, ta fito da ƙarancin bambancin ƙwayoyin gado, kusan dukkansu dangin juna ne na kusa. Masu bincike a Jami'ar Zurich sun gano ma cewa wani ɓangare na garkuwar jikinta daga akuyar gida ta samo shi ta hanyar barbara. Irin wannan garke cuta na iya yi masa kwaf ɗaya, yawan adadi ba ya ɓoye raunin. Sannan ga ɗumamar yanayi. A Gran Paradiso garken ya kai kusan 5,000 a 1993, sai ya faɗi da kusan rabi cikin shekara goma sha biyar ba tare da harbi ba, saboda jarirai sun rage tsallake shekarar farko. Ɗaya daga cikin bayanan da masana suka bayar shi ne ciyawa na tsirowa da wuri yanzu, kafin a haihu ta riga ta fara tauri. Ga kuma darasin tsaunukan Pyrenees, tsakanin Faransa da Sifen, inda wata irin akuyar dutse ta samu gandun Ordesa tun 1918, amma ragowarta ba ta taɓa farfaɗowa ba, ta ƙarshe itace ya faɗo mata a Janairun 2000. Mai gadi ba ya hana zafi, ba ya ƙirƙiro sabon jini, ba ya tayar da abin da aka makara a kansa. Sai dai ko faɗuwar da ta biyo bayan 1993 ba a san da ita ba sai don masu gadin suna ƙirga garken a ƙafa, a wurare ɗaya, kowace shekara tun 1956. Wannan lissafi yana cikin mafi daɗewa da ake da su a kan wata dabbar dawa, kuma a kansa masana suka gina bincikensu.

Saboda haka idan za a raba yabo a tarihin nan, kaso mafi girma ba na wanda ya sa hannu a takardar 1821 ba ne, ba kuma na sarkin da ya cika bango da ƙahoni ba. Na mutanen Cogne da Valsavarenche da Orco ne da suka gaji aikin, wasu daga iyayensu, waɗanda littattafai ba su cika ambaton sunayensu ba. Maganar kuma ba ta Turai kaɗai ba ce. A duwatsun Azbin da na Termit a Jamhuriyar Nijar akwai ragon dutse, ɗan dangi ɗaya da akuyar Alps, mai irin halinta na fakewa a tsini, kuma wuraren biyu duk an ayyana su gandu, na Azbin tun 1988, na Termit a 2012. Ayyanawa mataki ne, amma Gran Paradiso ma gandu ne a shekarun da ya rasa kusan kashi tara cikin goma na garkensa. Duk gwamnati ko ƙungiyar da ta ce tana kare wata dabba, a tambaye ta mutum nawa ne ke kan dutsen, 'yan ina ne, kuma yaushe rabon da a biya su albashi.